Yadda iyaye za su shirya bikin yaye 'yan aji shida ba tare da an ci bashi ba

Yawancin bukukuwan yaye ɗalibai da ke ƙarewa da rigima tun a zaman farko suke lalacewa. Iyaye sun taru a aji, wani ya miƙe ya ce kowane yaro ya kawo dubu kaza, aka ce an amince, aka watse. Ba wanda ya ƙirga mutum nawa za su zo, ba wanda ya taka kasuwa ya ji farashi, ba kuma wanda ya tambayi iyaye nawa ne za su iya biyan wannan dubu kazan. Tsarin da ke aiki shi ne a fara da ƙirga kawuna, a bi da farashi, sannan a zo kan abin da kowa zai bayar. Kuɗin karo-karo shi ake yankewa a ƙarshe.

Kafin komai, a san matsayin doka. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne a makarantun gwamnati, don haka duk kuɗin da aka ɗora wa yaro a matsayin dole na iya jawo wa shugaban makaranta takardar tuhuma. Abin da iyaye za su tara gudummawa ce ta ganin dama, kuma a rubuta hakan ƙarara a takardar da za a aika gidaje. Shugaban makaranta ya rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ya sanar da shi, a ajiye kwafin amsar. Makarantun kuɗi su ma su bincika ko ma'aikatar ilimi ta jiharsu ta fitar da wata sanarwa, domin jihohi sun fara sa ido a kan waɗannan bukukuwa saboda nauyin da suke ɗora wa iyaye. A watan Agustan 2025 jihar Imo ta hana bikin yaye 'yan nazare da 'yan aji uku na ƙaramar sakandare, ta bar na 'yan aji shida na firamare da na masu gama babbar sakandare kaɗai, wasu jihohin kuma suka fitar da nasu dokokin.

Lokacin farawa

Zangon karatu na uku yakan ƙare a watan Yuli, bikin ma nan yake faɗowa. Wannan shi ne lokacin da aljihun manomi ya fi bushewa: kuɗi sun tafi taki da ƙwadago, hatsin rumbu ya ja baya, farashin abinci a kasuwa ya hau. Kwamitin da ya jira sai watan Yuni sannan ya fara neman kuɗi ya zaɓi mafi munin lokaci. A kafa kwamiti tun zangon farko, a fara karɓa da kaka, daga Nuwamba zuwa Janairu, lokacin da amfanin gona ya shigo gida. A raba biyan kashi uku, kashi ɗaya kowane zango, ko a bar mai son biya kaɗan-kaɗan kamar zubin adashe ya riƙa kawowa duk mako. Uwar da ba za ta iya fitar da dubu shida a tashi ɗaya ba tana iya bayar da ɗari biyu duk Juma'a har mako talatin, kuma lissafin ɗaya ne. A duba kalanda a kauce wa makonnin azumi da na sallah biyu, domin ba mai sauraron zancen kuɗin biki alhali yana neman na ɗinkin yara ko na rago.

Akwai wata riba ta fara tarawa da wuri: shinkafa, man gyaɗa da busasshen zoɓo sun fi sauƙi da kaka. In akwai ɗaki mai makulli da ba ya yoyo, a saya a ajiye, a ɗora buhu a kan katako don kada sanyin ƙasa ya taɓa shi.

Kwamiti

Mutum bakwai sun isa. Shugaba, sakatare, ma'aji, mai binciken kuɗi, malamin aji shida, da wasu iyaye biyu. Aƙalla uku daga ciki su kasance mata, kuma ba don cika lissafi ba: su suka san kwano nawa ke ciyar da mutum nawa, su ne kuma za su iya shiga gidaje su yi magana da iyaye matan da ba sa fita taro. Shugaban makaranta mai ba da shawara ne, kada a damƙa masa jakar kuɗi. Wannan kariya ce gare shi. Ran da lissafi ya ƙi cika, sunansa za a fara kira ko da bai taɓa ko sisi ba. Haka nan ma'aji da mai binciken kuɗi kada su zama 'yan gida ɗaya ko abokan kasuwanci.

Wata doka da ya kamata a rubuta tun ranar farko: ɗan kwamiti ba ya karɓar kwangilar biki. In matar shugaba ce ta fi kowa iya dafa-duka a unguwar, to a kawo farashinta tare da na wasu biyu, shugaban ya fita waje a yanke shawara ba ya nan.

Ƙirga kawuna

Mu ɗauki misalin makaranta mai 'yan aji shida su 60. In aka ba kowane yaro katin gayyata na mutum biyu, iyaye sun zama 120. Malamai da masu gadi da masu shara, a ce 20. Baƙin da aka gayyata da takarda, wato mai unguwa ko dagaci, limami, jami'in ofishin ilimi, shugabannin ƙungiyar iyaye da malamai da na kwamitin kula da makaranta, a ce 20. 'Yan aji biyar da za su yi wasa ko su taya hidima, 30. Jimla 250. Sai a ƙara kashi ɗaya cikin biyar, domin a ƙasarmu ba a zuwa biki da ƙidaya: uwa za ta zo da goyo da ƙannen mai yaye biyu, kaka ma ba za a hana ta ba. Lissafin aiki ya zama mutum 300.

Daga wannan adadi komai ke fitowa. Kujera 300 dozin 25 ke nan, tunda masu haya da dozin suke bayarwa. Ana iya rage ta sosai in aka fito da bencinan aji don yara, aka shimfiɗa tabarmi a gaba don ƙanana. Ruwan leda biyu ga kowane mutum ya zama 600, kowace jaka tana da 20, wato jaka 30. Buhun shinkafa mai kilo 50, wanda ya kai kimanin kwano 20, yana fitar da robar abinci 300 zuwa 350 in ba a cika hannu ba. Lemon roba guda 12 ne a fakiti, na kwalba 24 a kiret. Rumfa kuwa girmanta ya bambanta, don haka tambayar da za a yi wa mai haya ita ce kujera nawa ke shiga ƙarƙashin guda ɗaya, a je kuma a gan ta da ido a duba ko tamfol ɗin ya huje.

Kasafi, da kuskuren raba shi da yawan yara

A rubuta abubuwan kashewa a rukuni uku. Na farko waɗanda in babu su babu biki: takardun shaida, kujeru, inuwa, lasifika, ruwan sha, da ɗan abin da kowane mai yaye zai riƙe ya tafi da shi gida. Na biyu waɗanda za a yi in da hali: abinci ga kowa da kowa, kyaututtukan malamai, mai ɗaukar hoto. Na uku ƙawa: balan-balan, kek, allon hoto mai sunan makaranta, bugaggen littafin shiri mai launi. Mutum biyu su shiga kasuwa su kawo farashin kowane abu daga wuri uku. A kan jimlar a ɗora kashi goma cikin ɗari na ko-ta-kwana, kuma in tsakanin ranar jin farashi da ranar saye ya wuce wata biyu, a sake komawa kasuwa kafin a dogara da tsohon lissafi.

Ga inda kwamitoci da yawa ke faɗawa rami. A ce kasafi ya kama naira 600,000. Sai a raba da yara 60, a ce kowa dubu goma. Amma a cikin sittin ɗin akwai marayu, akwai gidan da ke da tagwaye ko 'yan uba biyu a ajin, akwai wanda mahaifinsa ya tafi ci-rani, akwai kuma wanda yana da shi amma ba zai bayar ba. In mutum 40 suka biya, abin da ke hannu 400,000 ne, alhali an riga an ba masu rumfa da mai abinci kafin alƙalami a kan lissafin 600,000. Giɓin nan shi ke sa ma'aji ya ci bashi da sunansa, ko a koma ana matsa wa yaran da ba su biya ba.

Hanyar da ta fi ita ce a juya lissafin. A tambayi matan kwamiti nawa ne mai ƙaramin ƙarfi a ajin zai iya fitarwa ba tare da ya sayar da wani abu ba. A ɗauki wannan a matsayin mafi ƙarancin gudummawa, a ninka shi da kashi biyu cikin uku na yawan yara kawai. Abin da ya fito shi ne kuɗin da za a iya dogara da shi, kuma dole ya ishi rukunin farko. In bai isa ba, bikin ne ya yi girma, sai a rage shi. Masu hali a buɗe musu ƙofa su ƙara, ko su ɗauki nauyin yaro ɗaya ko biyu a asirce ta hannun ma'aji. Abin da ya shigo sama da haka shi zai sayi rukuni na biyu, in ya yi saura a taɓa na uku.

Kuma a yanke tun farko, a rubuta, a karanta wa iyaye: babu yaron da za a hana shiga layi, ko a riƙe masa sakamako ko takardar shaida, saboda ba a biya masa ba. Yaro ɗan shekara goma sha ɗaya da aka bari a bakin ƙofa yana leƙen 'yan ajinsa ba zai manta ba har ya tsufa, kuma ba shi ya ƙi biya ba.

Riƙon kuɗi

A sayi littafin rasit mai kwafi da babban littafi guda. Duk wanda ya kawo ko ɗari biyu ce a ba shi rasit mai lamba. Kada a aiko yara da kuɗi masu yawa. In dole ne, malamin aji ya rubuta ya ba yaron rasit ya kai gida a ranar. In za a yi amfani da asusun bankin ƙungiyar iyaye da malamai, kuɗin biki ya samu nasa shafin daban a littafi, kuma fitarwa sai da sa hannun mutum biyu. Abin da bai kamata ba shi ne a zuba a asusun ma'aji na kansa, inda kuɗin cefanensa da na biki za su cakuɗe. Mutumin kirki ma yakan ranta da niyyar mayarwa, sai ranar ta zo bai mayar ba.

Mai turo kuɗi ta waya ya rubuta sunan yaro a wurin bayani, domin sunan da zai fito sau da yawa na mai POS ne ko na wani ƙanin uba. Hoton rasit da aka turo a WhatsApp ba shaida ba ne sai ma'aji ya ga kuɗin sun shiga. Cajin banki ma a ba shi layinsa a littafi, in ba haka ba a ƙarshe za a ga 'yan dubbai sun ɓace a rasa inda suka shiga.

Duk ƙarshen wata sakatare ya sanar da jimlar abin da ya shigo da abin da ya fita. Jimla kawai. Jera sunayen waɗanda ba su biya ba a dandalin iyaye tozarci ne, kuma ba ya kawo kuɗi, sai dai ya sa mutum ya fice daga dandalin ya kuma hana ɗansa zuwa. Tunatarwa a yi ta mutum da mutum. A tuna kuma ba kowace uwa ke da babbar waya ba, don haka duk sanarwa mai muhimmanci a rubuta ta a takarda da Hausa a ba yara.

Neman taimako daga waje

Tsofaffin ɗaliban makarantar su ne ƙofar farko, sai 'yan kasuwar unguwa da masu gidan burodi da masu kamfanin ruwan leda. A je da takarda mai hatimin makaranta da sa hannun shugaban kwamiti, mutum biyu tare, kuma a roƙi abu takamaimai. Wanda aka ce wa "a taimaka mana da abin da ya sawwaƙa" zai ce a dawo jibi. Wanda aka ce wa "jakar ruwa 30 muke nema" ko "littafin rubutu dozin goma" yakan ce a turo a ɗauka. Kaya sun fi kuɗi sauƙin fita daga hannun ɗan kasuwa, sun kuma fi wuyar salwanta a hannun kwamiti.

Alƙawari ba kuɗi ba ne. Babban baƙon da zai karɓi makirfo ya sanar da gudummawar dubu ɗari biyu a yi masa tafi, mai yiwuwa ya cika, mai yiwuwa a yi ta sintiri a ƙofar gidansa har a gaji. Kada a sayi komai a kan abin da bai shigo hannu ba. Ɗan siyasa in ya bayar a karɓa a gode, amma a gaya masa tun farko ba a liƙa fosta ko a yi waƙar jam'iyya a filin makaranta, domin iyayen da ke zaune ba jam'iyyarsu ɗaya ba.

Rigar yaye da anko

Nan ne kuɗi ke zurarewa. Hayar doguwar rigar yaye da hularta kowace shekara asara ce da ake maimaitawa. In iyaye sun nace sai an sa, gara a ɗinka sau ɗaya ta zama mallakar makaranta, a yi girma uku, a rubuta lamba a wuyan kowace, a riƙa ba 'yan baya a kan ɗan kuɗin wanki. A zaɓi yadi marar nauyi, domin yaro a cikin rigar leda a ƙarƙashin rumfa da hantsi zai jiƙe da gumi kafin a kira sunansa. Rigunan a raba su da safiyar ranar a aji, a karɓe su a aji kafin a ba yaro abincinsa. Wadda ta tafi gida da wuya ta dawo da hularta.

Mafi sauƙi, kuma a ganinmu mafi kyau, shi ne wankakken kayan makaranta da guga, da ƙyalle mai launin makarantar da aka rataya daga kafaɗa zuwa ƙugu. Yadi ɗaya yana fitar da irin wannan ƙyalle da yawa, tela ɗaya zai gama su a kwana biyu. Ankon iyaye kuwa a bar shi ga mai so, kada ya shiga kasafi, kada kuma kwamiti ya shiga sayar da atamfa. In za a kai wa tela wani ɗinki, a faɗa masa ranar da ta riga ta gaskiya da mako biyu.

Takardun shaida da kyaututtuka

Wata guda kafin biki a buga jerin sunayen yara a aika wa kowane gida ya duba ya sa hannu. Muhammad ne ko Mohammed, A'isha ko Aishatu, sunan uba ne a ƙarshe ko na kaka ko na gari. A daidaita shi da takardar haihuwa da sunan da aka yi wa yaro rajistar jarrabawar shiga sakandare da shi. Harafi ɗaya da ya bambanta yau shi ne zai sa a yi ta zaryar rantsuwa a kotu bayan shekara shida, lokacin rajistar WAEC da JAMB da lambar NIN. A bugo takardu biyar na rara marasa suna saboda kuskure.

Kyauta kada ta tsaya kan na ɗaya da na biyu da na uku. A ƙara ta wanda bai yi fashi ba, ta tsafta, ta ladabi, da ta wanda ya fi kowa ci gaba daga inda ya faro, wadda sau da yawa ita ce ke sa uwa hawaye. Malamai su fitar da sunayen daga rajista da sakamako, kwamiti kada ya sa baki, domin 'ya'yansu na cikin ajin. Abin bayarwa ya zama wanda zai yi amfani a aji ɗaya na sakandare: akwatin lissafi, ƙamus, jaka, littattafan rubutu, fitila mai aiki da hasken rana. Kofin roba mai ruwan zinare kwana biyu ne ya karye. Sannan kowane yaro cikin sittin ɗin ya sauko da wani abu a hannu, ko littafi biyu da biro ne.

Rana da lokaci

Yuli damina ce, kuma a arewa hadari ya fi haɗuwa da yamma, yana zuwa da iskar da ke ɗaga rumfa ta kifar. A fara ƙarfe tara, a tashi kafin azahar. A kauce wa Juma'a da Lahadi da ranar kasuwar garin, a kuma tuntuɓi makarantun Islamiyya na unguwa don kada a yi karo da saukar karatu, tunda yaran ɗaya ne, iyayen ma ɗaya. A ƙauye, inda safiya ta gona ce, a sanar da ranar tun da mako uku domin magidanta su tsara aikinsu. Rumfa a kafa ta da yammacin jajibiri amma a ɗaure ƙafafunta da turaku da igiya, a bar mai gadi. A share aji biyu mafi girma a bar su a buɗe, in ruwa ya sauko a san inda za a dosa.

Kada a dogara da wutar NEPA. Ƙaramin janareta da zai ɗauki lasifika yana shan kimanin lita ɗaya a awa, don haka lita shida ta wadatar da taron awa huɗu har da gwaji. A ajiye shi nesa, bayan aji, da doguwar waya, a rufe wayar da tabarma inda yara ke wucewa. A sayi batirin makirfo na rara. Mai kayan sauti ya zo ƙarfe bakwai a gwada, a kuma saurari waƙoƙin da ya zo da su tun kafin iyaye su zauna.

Abinci

Shinkafar da aka dafa da daddare aka zuba a roba da zafinta aka rufe, kafin hantsi ta fara yami. A dafa da asuba, a bar ta ta sha iska kaɗan, sannan a zuba. Kunun aya ba ya jure zafi, cikin 'yan awoyi yake lalacewa in babu ƙanƙara, don haka zoɓo ya fi shi aminci, shi ma da tafasasshen ruwa ko ruwan leda za a haɗa shi. Damina lokacin amai da gudawa ce, kuma ƙanƙarar da ba a san ruwanta ba a jiƙa robobi a cikinta kawai, kada a jefa ta cikin abin sha. In kuɗi bai kai na shinkafa ba, cincin da fanke da lemo ɗaya a leda ba abin kunya ba ne, ba sa kuma lalacewa.

Rabo ya fi girki wuya. Kada a taɓa fito da abinci tsakiyar fili a ce a zo a karɓa, kada kuma a yi shela a gari cewa za a raba wani abu kyauta. A watan Disambar 2024 yara 35 suka rasu a turmutsitsi a wani taron yara a Ibadan, inda jama'a suka yi dafifi saboda alƙawarin rabon kuɗi da abinci. Taron makaranta bai kai wannan girma ba, amma yara ɗari da suka ruga kan tebur ɗaya sun isa su tattake ƙarami. Masu yaye su koma ajinsu, malaminsu ya ba su a zaune, su ne farko kafin kowane babban baƙo. Iyaye a bi su layi-layi a kujerunsu, ana karɓar katin gayyata ana miƙa roba. Yaran unguwa da za su taru a bakin ƙofa a ware musu nasu tun a kasafi, a zaunar da su a ba su. Ƙofa a sa mata dattawa biyu da 'yan agaji ko 'yan sintirin unguwa, a bar ta a buɗe lokacin tashi.

Tsarin shiri

Kiran yara 60 ɗaya bayan ɗaya, kowa ya hau ya karɓa a ɗauki hoto, yana cin minti 35 zuwa 40. Wannan shi ne bikin, saura duk rakiya ne, don haka a sa shi a tsakiya, kada a kai shi ƙarshe lokacin da rana ta take, rabin iyaye sun tafi. Jawabai uku sun isa: shugaban makaranta, shugaban kwamiti, babban baƙo, kowa minti biyar. Wasannin yara, wato karatu, muhawara, gajeren wasan kwaikwayo da waƙar bankwana, a ba su minti 40, a yi gwaji sau biyu a filin da za a yi bikin, har da yadda za su jeru daidai da jerin sunayen da ke hannun mai kira. Takardun shaida a jera su a wannan tsarin, in ba haka ba za a ba Sadiya ta Safiya.

Babban baƙo in ya makara a fara. A sanar da shi hakan cikin ladabi a takardar gayyata, a kuma tanadi wanda zai wakilce shi. Liƙi a hana shi: yana tsayar da shiri, yana sa 'ya'yan marasa hali su tsargu, ga shi kuma dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta haramta watsa naira a wurin biki. Mai son yi wa yara alheri a ajiye masa kwali a gefen teburin ma'aji.

Mai hoto a ɗauki guda, a yi ciniki a rubuce: hoton aji gaba ɗaya, da na kowane yaro lokacin karɓar shaida, da farashin wanki. Masu yawo da kyamara da ke wanke hoton da ba a sa su ba su tare iyaye a ƙofa, a dakatar da su tun daga waje. Kafin a ɗora hoton yara a shafin makaranta na Facebook a nemi yardar iyayensu.

Bayan an watse

A ƙirga kujeru tare da yaron mai haya lokacin saukewa, a sake ƙirgawa lokacin lodi, kowane karo a sa hannu, domin kujerar da ta karye tun a shagonsa ma a kanku za a lissafa ta. Masu haya da mai abinci a ba su rabi kafin aiki, cikon bayan an gama. A tanadi buhuna da tsintsiya da mutum shida da aka ambaci sunayensu don shara, tunda ledar ruwa 600 ba za ta kwashe kanta ba.

Cikin mako biyu kwamiti ya kira iyaye ya karanta lissafi, rasit a kan tebur, mai binciken kuɗi ya sa hannu, a liƙa kwafi a allon sanarwa. Rarar kuɗi iyayen ne za su ce ga abin da za a yi da ita, ko a gyara wani abu a makarantar, ko a saya wa marayun ajin kayan shiga sakandare. Littafin lissafin, da lambobin masu haya, da adadin mutanen da suka zo a zahiri, da abin da ya yi saura da abin da bai isa ba, a haɗa su a fayil guda a miƙa wa iyayen 'yan aji biyar kafin a tafi hutu.